Jirgin Da Ya Wuce Ƙaura

Dogo ya zo Ƙaura ya tsaya,
kamar baƙon da aka ce ya jira a zaure
aka manta da shi.
Ni na je na ɗauko shi,
na shigo da shi ɗakina a Rijiyar Ɗorawa,
bisa tsohon ƙyaure da na kwantar kan bulo huɗu.

Ni ne Jelani mai gyaran agogo,
shekara talatin da bakwai ido ɗaya cikin gilashi.
Da agogo ya ƙaura ya koma cikin waya
sai yatsuna suka rasa abin yi.

Layin nan sifok ɗin keke ne,
na miƙe shi da guduma, na tanƙwara shi a gwiwa.
Katakon ƙarƙashi tsinken ashana ne,
dubu biyu da ɗari shida, na ƙirga,
kowanne na fille masa kai, na jiƙa shi a baƙin shayi
har ya yi launin abin da rana ta daɗe tana duka.
Tsakuwar daga gaɓar Rima na kwaso,
na tankaɗe da rariyar Inno,
har gobe ba ta yafe mini ba.

Taragu, gwangwanin madara da na kifi.
Na shanu na yi masa tagogi da allura,
na gyaɗa na cika da buhunan da ba su kai ƙwayar wake ba.
Kan jirgi kuwa ya ci mini damina guda:
zuciyarsa injin tsohuwar rediyo mai kaset,
haƙoransa daga cikin agogon wani alƙali
da ya kawo gyara, bai dawo ba.

Na manna da ƙaro, na yi ciyawa da garin katako,
na yi kuka da saiwar tafasa, ƙafa a sama,
na kafa tasha a Mafara, na kafa a Tureta,
a Dange na zaunar da mai fura
wadda ƙwaryarta ɓawon gyaɗa ce, rabi.

Rannan Kulu jikata ta same ni
ina goga jar ƙasa a jikin sabon tarago.
Ta ce, Tsoho, don mi kaka ɓata shi?
Na ce, abin da bai yi tsatsa ba, ɗiyata,
bai je ko'ina ba.

Ranar da za mu buɗe hanya
na sayi batir huɗu a Tsohuwar Kasuwa.
Kulu ta hura usur da murfin biro,
jirgi ya yi tari, ya girgiza, ya ɗaga.
Ya wuce Mafara lafiya.
A kan gada muka tarar da tsaka ta miƙe ƙafa,
ta ƙi sigina, ta ƙi magiya,
fasinja suka yi minti shida suna jira.
Inno daga bakin ƙofa ta ce,
to, yanzu ne ya zama jirgin gaske.

Ya gangaro Shuni, ya ratsa Kwannawa,
ya shigo Sakkwato kafin la'asar,
garin da bai taɓa jin kukan jirgi ba
sai a bakin matafiya.

Amma dubi can, farkon ƙyauren,
wancan ɗan mutum da na sassaƙa da ƙwallon dabino,
mai hula ta zaren lilo.
Sambo ke nan, mahaifina,
mai juya layi a tashar Ƙaura.
Shekara ashirin yana ɗaga jar tuta,
yana gaya wa ƙarfe: iyakarka ke nan.
In ya dawo gida hannunsa na warin baƙin mai,
ya kan dubi yamma ya yi shiru.

Kwana uku na yi ina gyara masa kafaɗa.
Tutar kuwa, na yanko ta daga gefen ɗankwalin Kulu.
Kore ce.